Inda Ɗakin Girkin Cordell Yake

A watan Fabrairu muke biyan kuɗin tumatir,
sa'ad da ƙanƙara ta rufe Detroit ruf,
ƙasa ta yi tauri, ko diga ba ya shiga.
Verlene ta buɗe littafinta a kan bayan mota,
yatsunta na rawa, ta rubuta ni:
gida na talatin da ɗaya.
Ban sayi abin da ido ya gani ba.
Rabo na saya cikin shukar da ba a yi ba tukun,
in ta yi kyau tamu ce,
in ta lalace ma tamu ce.

Filin nan na san shi da rufinsa.
Gidan Cordell ne, mai ɗaura ƙofofin mota,
shekara ashirin da shida yana ɗaurawa
har ranar da aka ɗaure ƙofar masana'anta da sarƙa.
Ya tafi kudu. Wuta ta ci gidan.
Ciyawa ta gaji abin da wuta ta rage.
Da muka zo, aka ce akwai dalma a ƙasar,
sai muka sayo wata ƙasa a tifa,
muka zuba ta cikin akwatunan katako
kamar masu shimfiɗa wa baƙo.

Bara ƙanƙarar sama ta faɗo a Yuli.
Kwandona na mako: kabewa biyu, albasa, da ban haƙuri.
Tadeusz ya yi ta faɗa a bakin shinge,
ya ce da kanti ya je da ya huta.
Ran Litinin sai ga shi da baro da taki,
bai gaida kowa ba, ya kama aiki.

Yau Asabar, ƙofa a buɗe, kowa ya tsinki nasa.
Ga sikeli a kan tebur, ga gwangwanin kuɗi,
babu mai tsaro sai wata kyanwa mai ido ɗaya.
Bas na wucewa, ganyen wake na kaɗawa.
Jikata Maribel, 'yar shekara biyar,
da ta ɗauka a cikin leda ake haifar karas,
ta durƙusa, ta ja, ta faɗi zaune.
Ta ɗaga shi sama da ƙasarsa da komai,
tana ihu kamar ita ta ƙirƙiro shi.
Ni kaka, ga kaka, na rasa bakin magana.

Can gefe, wajen da ba mu sa akwati ba,
ta tono wani cokali, ya lanƙwashe, ya yi baƙi.
Nan ne ɗakin girkinsu, na gaya mata.
Ta ce, to ina mutanen?
Na ce, ɗora karas ɗinki a sikeli.
Ta ɗora har da cokalin.
Verlene ta duba allura, ta dube ni,
ta rubuta nauyin duka.