Takarda Mai Ɗaci

A Rotterdam, bayan ma'ajiyar kwantena,
inda kiɗa ke girgiza ƙarfen rufi,
Tjitske na zaune da fitila da kwalaben gwaji huɗu.

Ƙarfe biyun dare Joris ya miƙa mata 'yar takarda,
ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba,
an zana mata kyanwa mai ido uku.
Rabinta ya riga ya sha.

"Akwai ɗaci," in ji shi. "Harshena ya mutu."

Ta ɗiga ruwan gwaji, ta jira shunayya.
Launi bai zo ba.
Abin da aka sayar masa da sunan wani
ɗan wani gida ne dabam.

Ta san halinsa.
An ƙera shi a ɗakin bincike,
ya ari fuskar sinadarin ƙwaƙwalwa,
ya shiga kwado kamar mabuɗin mai gida,
sai dai in ya buɗe
ba ya sakin ƙofa.
Jijiya ta tsuke, zuciya ta ɗau sukuwa.

Joris yana dariya.
Ya ce bango na numfashi,
ya ce yana jin ɗanɗanon kore,
fitilun tashar jiragen ruwa kuma
suna kiran sunan kakarsa.

Ita yatsunsa take kallo.
Sanyi ƙalau, sun fara shuɗi.

Ta kira motar asibiti.
Ta lulluɓe shi da rigarta,
tana ƙirga bugun wuyan hannunsa,
shi kuwa yana ƙirga
launukan da ba su da suna.