Akawun Kwamiti

Ni ne nake zaune can gefen taga
a ɗakin taro na Ƙaura Namoda,
tafireta a gabana, farar takarda da kabon,
fanka na juyi kamar an tilasta mata.
Ba ni ke tambaya ba, bugawa kawai nake.
Shekara talatin ina faɗa wa kaina haka.

Aka shigo da Malam Nomau,
alli bai gama kaɗewa daga hannun rigarsa ba.
Laifinsa shafi tara ne na wasan kwaikwayo
da 'yan aji shida suka yi ranar ba da hutu:
jaki ya tsaya tsakiyar hanya, ya tambayi mai shi
don me shi ke ɗaukar gero, wani ke awo.
Iyaye sun yi dariya har da riƙe ciki.
Mutum ɗaya a layin baya bai yi ba,
yana ta rubutu a bayan kwalin sigari.

"Wane ne jakin? Wane ne mai jakin?
Wa ya ba ka littafin nan mai jan bango?
Leburorin tashar jirgi da ke cika maka zaure
bayan lisha, me kuke karantawa?
Kai ɗan gurguzu ne, ko ka taɓa zama?"

Ya ce, "Gurguzun da na sani, ranka ya daɗe,
shi ne wanda Inna Hassi ke shanyawa a tabarma,
'ya'yan sure, na daddawar batso.
In shi ake nema, yana nan cikin tulu."
Ban buga wannan ba.
Shugaba ya nuno ni da kan biro:
"Sa ya ƙi ba da haɗin kai."

Suna uku suka nema, ya faɗa ya tafi gida.
Ya dubi fanka, ya yi shiru.
Gado mai gyaran rediyo da ya shigo bayansa
biyar ya bayar, hannunsa na rawa,
har da na wani da aka binne tun bara.
Shi ma na buga shi. An aika masa sammaci.

Daga nan gari ya koyi tauna harshe.
Ɗan Ige mai kukuma ya cire baitin kuɗin taki,
in ya zo wurin sai ya bar tsirkiya ta yi kuka ita kaɗai.
Sambo mai zanen manyan motoci
ya shafe laujen da ya sa wa manomi,
ya bar shi tsaye cikin shinkafa, hannu wofi.
Ba wanda ya umurce su.
Wannan ne abin da ban iya barci a kansa.

Malam ya koma sayar da kananzir a bakin tasha.
Rannan na je da kwalba, na rasa inda zan sa idona.
Ya cika ta har wuya, ya ce,
"Akawu, tafiretarka har yau ba ta da ƙugiya?
Na ga takardar korata.
Kun so ku ce na ci amanar ƙasa,
sai kuka rubuta kasa.
Macijiya ce ko gazawa, ban gane wadda na cuta ba."
Ya yi dariya, ya miƙo mini canjina daidai.

Kabon ɗin na nan cikin akwatina.
In na ɗaga shi ga rana
tambayoyin na fitowa a juye, sun hau kan juna.
Jiya jikata Tumba ta ce, "To, Kaka,
me mai jakin ya amsa?"
Na zagaya gari ina tambaya.
Yaron da ya fito a jakin yanzu alhaji ne, mai shagon siminti.
Ya dubi hagu, ya dubi dama,
ya ce shi bai tuna an yi wani wasa ba.