Mai Goyon Magajinsa

A Calama, bayan gidan mai na ƙarshe,
inda kwalta ke miƙewa cikin hamadar Atacama,
nan garejin Evaristo Colque yake:
rumfar kwano, kare ɗaya, ramin leƙa cikin mota.

Ba ya tambayar direba me ya faru.
Doguwar sukundireba yake ɗaukowa,
ya kafa bakinta a jikin injin,
ya ɗora kunne a ƙotar, ya lumshe ido.
Fistan shida ke zance a ciki.
Biyar bakinsu ɗaya,
na shida yana jan ƙafa.
"Nozul ne," in ji shi,
alhali ko noti ɗaya bai kwance ba.

Tirelar Fresia Ayavire ce.
Shekara goma sha tara tana hawa tana sauka,
agogon motar ya haura kilomita miliyan,
sau ɗaya tak aka buɗe cikin injin.
Can sama, inda iska ba ta cika huhu,
inda dizal ke kauri da asuba kamar kwantan kunu,
lallashinsa take yi,
ya yi tari uku, ya girgiza, ya tashi.
Bai taɓa barin ta ta kwana a hanya ba,
sai daren da bel ya tsinke,
wannan kuwa ta ce laifinta ne.

Abin da ke bayanta farin gari ne, buhu kan buhu,
gishirin da aka tace daga tafkunan da rana ta shanye.
Jirgin ruwa zai ƙetare da shi,
a ɗura shi cikin batir,
batir ya dawo a cikin wata mota
marar salansa, marar tari, marar baƙin mai.
Evaristo ya san da haka.
Ya shafa kan injin da tafinsa mai kanta:
"Kai ke goya magajinka har bakin teku,
ton talatin, ko tsaki ba ka yi."

Jikarsa Yasna ta zo hutu daga Antofagasta.
Ta jona waya a ƙasan sitiyari,
kwamfuta ta yi ƙyafce-ƙyafce, ta ce: na shida.
Tsoho ya yi dariya har da ƙwalla.
Ita ba ta yi ba.
Ta ce, "Kaka, ka tuna tarin Clotilde?"

Ya tuna.
Shekara talatin matarsa tana sayar da shayi a bakin rumfar nan,
motoci na ɗumama inji a kanta.
Likita bai ce hayaƙi ne ba.
Bai kuma ce ba shi ba ne.

Da ya buɗe baki, wata maganar ya kama:
"A mashigar dutse, inda babu turken lantarki ko ɗaya,
wa zai ba ta caji?"
Yasna ta nuna sama da haɓa.
"Nan rana ba ta fashi."
"Dare ma ba ya fashi," in ji Fresia daga cikin mota,
tana ɓare lemo.

Aka sa sabon nozul kafin la'asar.
Fresia ta murɗa makulli,
shidan suka haɗa baki,
ƙasa ta ɗauki rawar har cikin haƙoran kare.
Ba wanda ya san saura masa shekara nawa,
goma, ko ashirin, ko sai ranar da doka ta ce ya isa.

Evaristo ya miƙa wa Yasna sukundirebar.
"Waccan da ke tafe ba ta magana.
In ta yi ciwo, ta ina za ki ji?"
Ba ta amsa ba.
Ta kafa ƙarfen, ta sunkuya, ta ɗora kunne,
ta daɗe a haka,
har Fresia ta danna ham.