Saiwar da Ta Zauna

Shekara shida ina buɗe bakin roba.
Kan roba ba ya zufa,
dasashinsa ba ya jini,
ba ya damƙe miki hannu in zafi ya kai masa ƙarshe.
Na ci jarrabawa, aka ba ni takarda mai hatimi biyu.
Inna ta sa aka yi mata gilashi,
ta rataye ta sama da jeren kwanoninta a Birni.

Ran Talata, mako na biyu da kama aiki,
Mutari baduku ya shigo,
kuncin hagu kamar ya ɓoye goruba,
yatsunsa jajaye da rinin fatar akuya.
"Kwana tara," ya ce. "Kanumfari ya gaza, gishiri ya gaza,
har man birki wani ya ce in ɗiga."

Na yi allura. Na jira.
Na kama turmin da awartaki yadda littafi ya ce,
na girgiza, na juya.
Ƙas!
Kai ya fito, saiwa ta zauna
can ƙasa cikin jini, kamar kututture a gonar gado.
Sai kuran ya ɗauke.

A wane shafi aka rubuta wannan?
Na ji zufa na bin bayana har ƙugu.

Majo Kyari, wanda ya shekara talatin
yana miƙa wa likitoci auduga,
bai dube ni ba.
Ya kunna fitilar wayarsa, ya matso,
ya ce a hankali, kamar da bango yake magana:
"Ba a jan rogo da ƙarfi, likita.
Ƙasar gefe ake sassauta masa."

Minti arba'in.
Da ta fito ba ta kai ƙwayar wake ba,
amma hannuna na rawa kamar na sauke buhun gero.

Mutari, da auduga a baki, ya dube ni, ba fushi.
"Ni shekara bakwai ina yankan gefen fata
kafin maigidana ya yarda in taɓa tsakiya."
Ya biya, ya gyara hula, ya tafi.

Da dare na hau soro.
Duwatsun Birni na sauke zafin da suka sha tun safe.
Na kira Habsu, tare muka gama.
Ta ce, "Cima, ki bar wannan zance.
A ƙara mana shekara biyu ƙarƙashin wa?
Gwanayen nawa ne, ina kujerunsu?
Ba ki ga layin ƙofarku ba?
Matar da ta taso daga Tanut tun asuba,
tsohon Mirya da kumburi ya rufe wa ido,
ki ce musu su dawo baɗi in kin ƙware?"

Gaskiyarta.
Amma bakin Mutari ba allo ba ne
da zan wanke in sake rubutu.
Da koyo akan iya, na sani,
sai dai a bakin wa?
Kuma ran da Majo Kyari ya huta,
wa zai riƙe fitila?

Na rubuta wasiƙa ina neman shekara guda
kusa da hannun da ya fi nawa.
Tana aljihun farar rigata har yanzu,
ta sha ninki, ta sha gumi.

Ran Juma'a Mutari ya dawo, kunci ya saɓe.
Ya ajiye mini ƴar jakar fata, ja da kore,
ya ce in riƙa zuba ƙarafuna.
Ɗinkin gefe guda ya ɗan karkace.
Ya ga ina kallo.
"Yarona ne ya yi," ya ce.
"Aikinsa na fari. Ina tsaye a kansa."