Aganetha ta Uku

A ƙarƙashin majami'armu, can kudancin Manitoba,
akwai ɗaki marar taga.
Matakala goma sha huɗu ake sauka,
gwiwata ta fi kaina sanin adadinsu.
Nan nake yini Talata da Alhamis,
ni, Justina Kehler, da littattafan da suka girme ni.

Jiya wani saurayi ya sauko, dusar ƙanƙara a kafaɗarsa,
rigar sanyin aro ta yi masa yawa.
Arno Neustaeter, daga Chaco ta ƙasar Paraguay.
Ya gaishe ni da harshenmu na cikin gida,
wanda jikokina ke ji amma ba sa iya mayarwa,
sai da na yi gyaran murya kafin na amsa.

Kakar mahaifinsa yake nema. Aganetha.
Abin da ya riƙe bai cika tafin hannu ba:
nan aka haife ta, jirgin ƙasa ya ɗauke ta da 'ya'ya biyar,
ta tsufa cikin zafin da ke fasa ƙasa,
tana ba jikoki labarin sanyi, suna cewa almara take.

Na sauko da babban littafin, mai bangon fata,
wanda ya ƙetaro teku daga Rasha a akwatin katako,
tsakanin matashin kai da buhun gasasshen burodi.
Rubutun Jamusanci ne irin na dā,
mai ƙaya-ƙaya kamar shingen waya.
Shi bai iya ba. Na ara masa idona.

Ga ta. 'Yar Kornelius Hiebert da Sara.
Janairu, 1881.
Ya yi murmushi, har ya miƙo yatsa,
sai na nuna masa ƙaramin gicciye a gefen sunan.
Kwana tara ta yi.

Ya ja kujera baya. Ya ce, to ba nan ba ne, an yi mini kuskure.
Na ce, zauna, yaro, littafin bai gama magana ba.

Shafi na gaba. Aganetha kuma, iyayen su ne dai.
Wannan ta yi tafiya, ta yi haƙora, wataƙila ta ce mama.
Mashaƙo ya shigo ƙauyen da hunturu.
Da fensir aka rubuta rasuwarta,
ita da yara shida a jere,
ina jin tawadar ce ta daskare a kwalba,
ko kuwa hannun dattijon ne ya kasa riƙe alƙalami.
Littafi ba ya faɗin irin wannan.

Na buɗe shafi biyu gaba, a hankali,
takardar ta yi laushi kamar fatar hannuna.
Bazarar 1885.
Aganetha.
Babu gicciye.

Ya daɗe bai ce komai ba. Injin ɗumama ɗaki yana ta guri.
Can ya ce, me ya sa suna ɗaya?
Na ce, haka mutanenmu ke yi.
Amma a raina na ga Sara tsaye gaban dattijo karo na uku,
yana duban ta, tana duban sa,
ƙasa ta karɓi biyu, ita ta ƙi sakin sunan.

Gurbin ranar rasuwa fayau yake,
shekara ɗari da arba'in yana jira.
Arno ya ce, na san ranar, tana kan dutsen kabarinta,
ƙarƙashin wata bishiya mai ƙaton ciki.

Dokarmu ce, ba a ƙara ko ɗigo a tsohon littafi.
Na yanko 'yar farar takarda, na ba shi fensir.
Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa da kyau.
Na saka ta tsakanin shafukan, na rufe.

Ya riƙe mini hannu muka hau,
goma sha huɗu.
A bakin ƙofa ya tsaya, ya tara tafinsa,
dusar tana sauka tana narkewa,
ya ce, ashe ba almara take ba.