Taki Arba'in da Biyu

Daga ƙofar kicin zuwa gareji
taki arba'in da biyu ne, in babu ƙanƙara.
In akwai, ba na ƙirgawa.
Mahaifina ne ya gina shi can gefe, bayan rumfar itace,
wai kada warin fetur ya iske uwata a ɗaki.
Sai ya sa makunnin fitilar a cikin garejin,
wato ka fara keta duhun
kafin ka kunna abin da zai kore shi.
Shekara sittin muna haka, ba wanda ya ce uffan.

Nan Alta, in Disamba ta kama, rana kan yi ƙaura.
Ɗan shuɗi-shuɗi take aiko mana da hantsi,
shi ma bai zama shan shayi.

Bara na zame a taki na talatin.
Kwatangwalo ya ce ƙas.
Na kwanta ina ƙirga taurari ba don ina so ba,
har haushin kare ya fito da Eilif, tocila a hannu.

Tordis ta taso daga Bergen
da jaka ɗaya da fushi mai yawa.
Ta hau tsani, safar hannu a baki,
ta dasa wani farin akwati da bai fi sabulun wanka ba.
Intanet ɗin gidan ya ƙi ƙarasawa,
ya tsaya a rumfar itace kamar ni,
ta sayo masa ɗan rakiya ta maƙala a taga.
Ta ce, Baba, ga maɓalli a bangon kicin, dannawa kawai.
Ni ma ina iya kunnawa da wayata.
Na ce, daga Bergen?
Ta ce, ko daga bangon duniya.

Ban taɓa maɓallin ba.
Ƙarfe huɗu nakan zauna da kofi, fuska ga taga,
sai fitilar ta buɗe ido,
dusar ƙanƙara ta yi ta ratsa hasken kamar ana tankaɗe.
In ce, sannu Tordis.
Ina ganinta a raina, ta fito daga aiki,
ruwan garinsu na dukan lemarta,
ta tsaya, ta tuna da tsoho, ta sa babban yatsa.

Ran nan ta kira ni huɗu saura.
Tana ba ni labarin famfonta da ke yoyo,
ina jin ƙarar kwanuka, hannunta biyu cikin kumfa,
sai ga haske a gareji.
Na ce, ke kika kunna?
Ta yi dariya. Ai na saita masa lokaci tun ranar da na taho.

Kwana ashirin da uku ashe
agogo nake gaisarwa.

Na ce, to, madalla.
Amma 'ya ta san "to" ɗin ubanta,
ta san mai nauyi da marar nauyi.

Washegari huɗu ta buga, duhu.
Huɗu da kwata, duhu.
Kofi ya huce. Kare ya dube ni, na dube shi.
Na fara laluben hula
sai ta kama, biyar saura 'yan mintuna,
ta mutu,
ta sake kamawa.

Tun ranar ba ta da lokaci.
Wani sa'in biyar, wani sa'in shida ta gota.
Ran Laraba sai bakwai, da kira a bayanta, ana ba ni haƙuri,
wai taro ne ya riƙe ta.
Eilif ya ce taurin kai zai kashe ni,
ga maɓalli ƙarƙashin kalanda, taki biyu daga kujerata.
Gaskiyarsa.

Motar ma na sayar tun da likita ya hana ni tuƙi.
Ba abin da ya rage a garejin
sai shebur, da tsoffin tayoyi, da kwalaben Gunvor
da har yau na kasa zubarwa.
Jiya dai da hasken ya zo
na ga sawun yanyawa ya bi ta gaban ƙofar,
ya yi kwana, ya nufi kogi.