Giɓin Nomau

Haƙori ya hana ni barci kwana uku,
na isa asibitin Tawa da kumatu kamar tulu.
Mai farar riga ya ce in buɗe baki.
Na buɗe, na ɗaga ido, sai na gane kunnuwan.

Nomau ne. Nomau Giɓi.

Muna yara, talabijin ɗaya ce a layinmu na Bilbis,
ta gidan Asumanu mai goro, da batirin mota.
Daren Asabar mu biya dala-dala mu zauna a yashi,
sai ga shi, ɗan shekara bakwai cikin rigar kakansa,
haƙoran gaba biyu babu.
Zai ce sannunku, ta fito shanunku,
tsofaffi su kife kan tabarma suna riƙe ciki.

A bayan motar albasa aka kai shi Yamai.
Ya dawo da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa.
Kuɗin, kawunsa ya adana masa.
Har yau yana adanawa.

Sai haƙoran suka fito,
farare, a jere, irin na kowa.
Mai shirin ya leƙa bakinsa ya ce, kai, ka lalace.
An ce kawun ya taɓa zuwa da ƙusa da guduma,
uwar ta tare ƙofa da taɓarya.
Ban gani ba, ji na yi.

Ya koma lakwal, babba cikin ƙanana,
gwiwoyinsa sun fi ƙarfin teburi.
Yara na bin sa har bakin tabki:
ce shanunku, ce shanunku!
Bai ce ba.

Yanzu ga furfura a gefen kansa.
Daga safe zuwa azahar bakuna ke buɗe masa,
ba mai dariya ko ɗaya.
Hannunsa bai rawa.
Ya jijjiga, ya murɗa,
na ji ƙaras cikin kwanon ƙarfe.

Na so in ce masa mun ci bashinsa,
mu 'yan dala-dala,
amma leɓe ya mutu, auduga ta cika baki.
Na ce sannu da aiki, likita,
ta fito shanu.

Ya dube ni ta saman tabarau.
Ya ce, jaka biyu, a biya a taga,
kar ka sha abu mai zafi yau.

Na kai ƙofa, na ji wani sauti a bayana,
ƙasa-ƙasa, kamar ruwa na shiga gora.
Shekara talatin da sanin fuskarsa,
ban taɓa jin dariyarsa ba.